Alherin Maigida Ba Ya Shiga Rabon Gado

A littafin kuɗin da na riƙe shekara goma sha ɗaya a wani sito na hatsi da gyaɗa a nan Garwa ta arewacin Kamaru, akwai shafin da Alhaji mai siton ya sa na ware, na rubuta "magani" a samansa. Babu hukumar da ta ce ya yi haka. In yaron mota ya kwanta da masassara, ko matar direba ta zo haihuwa, ko buhu ya suɓuce ya murɗe wa ɗan dako ƙafa, mutum zai zo ya durƙusa bakin tabarma da takardar likita a hannu, wadda duk muke ce wa ordonans, ya ce, "Alhaji, jiki ne ya ƙi." Alhaji ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, duk da ba ya karanta Faransanci, sannan ya miƙo mini. "Malam, duba nawa ne, a sallame shi." Ban taɓa ganin wani ya tashi daga tabarmar nan hannu Rabbana ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da aka zauna rabon gado, an lissafa manyan motoci biyu, da siton, da gidaje, da bashin da ake bin mutane har na sefa dubu biyar. Shafin magani kuwa ba wanda ya tambaya. Kwana kaɗan bayan haka maigadinmu ya same ni. Dattijo ne, shekara goma sha huɗu yana kwana a bakin ƙofar nan, yana da hawan jini, kuma duk ƙarshen wata Alhaji ne ke saya masa ƙwayoyinsa. Ya ciro kwalin maganin daga aljihu, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, ya ajiye shi a kan teburina ya ce, "Malam, yanzu wa zan kai wa?" Na rasa abin da zan ce masa. Magada ba su ci masa ko sisi ba. Babu takardar da ta ce yana bin gidan nan magani. Abin da yake samu alheri ne, kuma mai alherin yana ƙasa.

Tun daga ranar nake juya maganar nan a raina, kuma ga inda na tsaya. Lafiyar mai yi wa wani aiki ba ta kamata ta rataya a kan halin maigidansa ba, ko da maigidan waliyyi ne. Akwai abin da yake wuyan maigida tilas, akwai kuma abin da in aka bar shi a hannunsa shi kaɗai, wahala ce ga ma'aikaci, wahala ce ga shi kansa. Mu a nan mun cakuɗa su biyun. Muna yaba maigida in ya biya kuɗin asibiti, ba ma tambayarsa ko shi ne ya jawo ciwon.

Kada a ɗauka wannan matsalar talakawan ƙasashe ce kawai. Ƙasar da ta fi kowace dogara da maigida wajen magani ita ce Amurka, kuma ba da niyya ta faɗa ciki ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi don kada farashi ya gudu. Samari sun tafi yaƙi, masana'antu suna neman hannu ido rufe, ga shi an hana su jan mutane da kuɗi. Sai suka koma jansu da inshorar lafiya, tunda ba a lissafa ta cikin albashi. A 1954 dokar haraji ta tabbatar cewa ba a cire haraji a kan wannan inshora, daga nan abin ya kafu. Yau kusan rabin Amurkawa ta wurin aiki suke samun magani, nasu ko na miji ko mata ko iyaye. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ɗaya ta kamfani ya haura dala 25,000 a shekara, wato wajen sefa miliyan 15, kamfani ne ke biyan kaso mafi tsoka, sauran a yanke a albashi.

Daga nesa abin sha'awa ne. Amma mutumin da ɗansa ke da ciwon da ba ya warkewa ba zai iya barin aikin da ya ishe shi ba, don in ya fita katin asibiti ya fita tare da shi. Da annobar korona ta zo a 2020 aka sallami miliyoyin mutane, da yawa suka rasa albashi da inshora a tare, a lokacin da suka fi bukatar likita. Har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa duk kamfanonin ƙasar biyan ma'aikaci kwanakin da ya kwanta jinya. Dokar 1993 ta ba shi mako 12 ne ba tare da albashi ba, ita ma ba kowa ta shafa ba. In ka cire dogayen gine-gine da dalar, maigadinmu ne da kwalinsa. Zanen aro ba ya rufe katara ko a Amurka.

Jamusawa wata hanya suka bi, kuma sun riga kowa. A 1883 shugaban gwamnatinsu Bismarck ya kafa dokar asusun jinya na ma'aikata, a 1884 na haɗarin aiki, a 1889 na tsufa. Ba tausayi ne ya motsa shi ba, so yake ya janye ma'aikata daga 'yan gurguzu, amma ko da wace niyya aka haƙa rijiya, ruwa ake sha. Dabarar ita ce maigida yana zuba nasa, ma'aikaci yana zuba nasa, amma asusun ba ya hannun ɗayansu. Yau ana cire kashi 14.6 cikin 100 na albashi da ɗan ƙari, a raba biyu tsakanin kamfani da ma'aikaci. In mutum ya kwanta, kamfani zai biya shi cikakken albashi har mako shida, daga nan asusu ya karɓa. In ya canza aiki, ko kamfanin ya rushe, ko mai shi ya mutu, asusunsa yana nan. Ingila ta ma cire maigida daga zancen asibiti tun 1948, haraji ke biya. Faransa, wadda muka gaji yawancin dokokin aikinmu daga gare ta, tana da asusun ƙasa tun 1945, sannan daga farkon 2016 ta tilasta wa kowane kamfani mai zaman kansa ya yi wa ma'aikatansa ƙarin inshora, ya biya aƙalla rabin kuɗin. A can abin da kamfani ke bayarwa miya ce a kan tuwo. A Amurka shi ne tuwon.

To mu fa? A takarda ba mu da laifi sosai. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, a sashe na 98, ta ce kowace ma'aikata, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, sai ta tanadar wa ma'aikatanta hidimar lafiya. Ta ce in likita ya tabbatar ma'aikaci ba shi da lafiya, kwangilarsa dakatawa take yi har wata shida, ba a soke ta. Mace mai ciki tana da hutun mako 14. Ga kuma CNPS, asusun ƙasa na ma'aikata da aka kafa tun 1967, mai kula da abu uku: kuɗin iyali, fansho, da haɗari ko cutar da aiki ya jawo. Maƙwabtanmu na Chadi ma suna da nasu asusun mai irin wannan suna. Amma a lura da abin da babu a cikin ukun nan. In mota ta taka ka kana bakin aiki, kuma maigida ya yi maka rajista, CNPS za ta ɗauki jinyarka. In zazzabin cizon sauro ne, ko taifot, ko hawan jinin maigadinmu, wannan tsakaninka da aljihunka ne. Shi ya sa a ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar farmasin asibiti yana ƙirga canji, ana jiran ya kawo safar hannu da ruwan ƙari kafin a taɓa ɗan uwansa, ba sai an karanta masa wannan adadin ba.

Manyan kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suna da ɗakin shan magani ko katin inshora, kuma ma'aikatansu su ne ake kallo da sha'awa a unguwa. To su nawa ne? Wajen mutum tara cikin goma masu aiki a Kamaru ba su da takardar albashi. Suna gona, suna kasuwa, suna kan babur suna kalando, wato acaba, suna wanki da girki a gidajen mutane, suna dako a tasha. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin lafiya ga kowa a watan Afrilun 2023, kuma ba zan raina shi ba. Takardar nan da masu ciki ke saya sefa 6,000 don awo da haihuwa, wadda aka fara a jihohinmu uku na arewa tun kafin shirin, ta ceci mata da yawa, kuma duk wanda ya san abin da wankin ƙoda ke ci zai gane darajar a ce sefa 15,000 ne a shekara. Sai dai shirin ya fara ne da ƙananan yara da masu ciki da wasu cututtuka ƙididdigaggu. Ɗan dako mai shekara arba'in da ƙaba ta fito masa saboda buhu mai kilo 100 ba ya cikin lissafin tukuna.

Ƙabar nan ce ta kawo ni kan abin da na fi damuwa da shi, wanda kuma ba ma son a taɓa. Kafin a zo ga wa zai biya magani, akwai tambayar wa ya sa mutum ciwo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda haɗari ko cutar da ta samo asali daga aiki, kuma mafi yawansu cuta ce mai cin mutum a hankali, ba haɗarin da ake gani da jini ba. A 2022 ƙungiyar ta sa wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, sahu ɗaya da haramcin aikin tilas. Wannan kason babu asusun da zai ɗauke wa maigida shi. Shi ke sa lokacin lodi. Shi ke yanke ko direba zai kwana a Ngaundare ko zai juyo a daren. Shi ke sayen abin rufe hanci ko ya ce tsada.

Alhajinmu, da duk kirkinsa, a watan Afrilu da ƙarfe ɗaya na rana yake sa a yi lodi in mota ta zo, lokacin da zafin Garwa ya wuce 40 kuma ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Na ga yaro ya sauke buhu ya dafa bango, idonsa ya juya, ya zube. Aka yayyafa masa ruwa, aka kai shi asibiti, Alhaji ya biya komai har da lemo, kowa ya yi ta sa masa albarka. Ni ma na sa. Sai daga baya na zauna na duba: kuɗin da aka kashe a ranar ya fi kuɗin rumfar zana da randar ruwa ta wata guda. Saudiyya, inda 'yan uwanmu da yawa ke aikin ƙarfi, ta haramta aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ƙatar ta faɗaɗa nata a 2021, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi. Ba na cewa ma'aikatan can suna cikin daula, labarin wahalarsu ya isa ko'ina. Amma ko su sun yarda rana tana kisa. Mu da muke da Marwa da Kuseri, har yau gani muke jarumtaka ce, wanda ya nemi inuwa kuma rago ne. Haka mai feshin auduga da ke fita da riga ɗaya ba takalmi, ya dawo ya ci tuwo da hannun da ya dama maganin ƙwari. Haka ƙurar masussuka da ta injin niƙa da ta siminti, wadda sai bayan shekaru take dawowa a matsayin tari, lokacin mutum ya daɗe da barin wurin, ba mai cewa daga nan ya kwaso.

Japan ta wajabta wa kamfani ya sa a duba lafiyar ma'aikacinsa duk shekara, daga 2015 kuma ta ƙara gwajin damuwa ga wuraren da ke da mutum 50 ko fiye. Sun kai nan ne bayan aiki ya kashe musu mutane har suka yi wa irin wannan mutuwa suna, karoshi. A kudancin Afirka kamfanonin ma'adinai sun yi nasu lissafin lokacin da ƙanjamau ke ɗibar ma'aikata: Debswana a Botsuwana a 2001, Anglo American a Afirka ta Kudu a 2002, suka fara ba ma'aikatansu maganin rage kaifin cutar, don sun ga binne ƙwararre da koyar da sabo ya fi maganin tsada. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne zalla, kuma ba na jin kunyar in ce a ara.

Abin da ba na so a aro shi ne kwalliya. Kamfanonin Turai da Amurka sun cika da shirye-shiryen "walwalar ma'aikata": manhajar ƙirga taku a waya, lacca a kan cin ganye, kyauta ga wanda ya rage ƙiba. Masu bincike sun gwada abin a kan ma'aikata kusan 5,000 na Jami'ar Illinois, wasu kuma a kan kusan 33,000 na wani babban kamfanin shaguna, aka wallafa sakamakon biyun a 2019. Ba a ga wani sauyin kirki a kuɗin asibiti ko fashin aiki ba. Na fara ganin ƙannen wannan a nan, ranar wasan motsa jiki da riguna masu tambarin kamfani da ɗaukar hoto don Facebook, alhali mai sharar ofishin ta hannun ɗan kwangila aka ɗauko ta, ba ta cikin rajistar kowa.

Na san abin da masu gida za su ce, don na zauna cikinsu. Na farko, kuɗi. To bari mu yi lissafi, sana'ata ce. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a 2023 ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ko na gona ba shi ne sefa 60,000. A kan wannan, ma'aikaci zai zuba kashi 4.2 na fansho, sefa 2,520. Maigida zai zuba 4.2 na fansho, 7 na iyali, da 1.75 zuwa 5 na haɗari gwargwadon hatsarin sana'ar. Jimla tsakanin sefa 7,770 da 9,720 a wata. Ga mai shago ɗaya da yaro ɗaya, wanda haraji da kuɗin wuta suka riga suka shaƙe, wannan nauyi ne na gaske, ba zan yi masa wa'azi ba. Shi ne ma ya fi kowa bukatar asusun gama-gari, don ciwo ɗaya na yaronsa zai iya cinye jarinsa. Amma mai tirela uku da ke yanka sa biyu ran suna, ya ce sefa dubu tara ta fi ƙarfinsa a kan direban da ke ɗauke da dukiyarsa ta miliyoyi a gangaren Ngaundare, wannan kam ba talauci ba ne.

Na biyu, wasu za su ce inshora caca ce. Malamai sun yi magana a kan wannan, kuma ban kai in yi fatawa ba. Abin da na sani shi ne Musulmi sun daɗe da samo mafita, tsarin takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar taimakon juna, kuma kamfanin farko irin wannan a Sudan aka buɗe shi a 1979. Mu da iyayenmu mata suka raine mu da adashi ba ma bukatar a koya mana ma'anar a tara a ba wanda ta faɗo wa. Hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi. Ɗayan, wanda ya hana a ɗora wa na ƙarƙashinka abin da ya fi ƙarfinsa, ba kasafai nake jin sa a tasha ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni wahala, don daga ma'aikatan kansu yake fitowa. Da na ce wa wani direbanmu za a riƙa yanke masa dubu biyu da ɗari biyar, dariya ya yi. "Haba Malam, in ba gwamnati kuɗina ta ajiye mini sai na shekara 60? Wa ya ce zan kai? Ba ni abina a hannu." Ban ga laifinsa ba. Ya ga tsofaffi suna jele da takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ya san fansho sai an cika wata 180 ana zubi, shi kuwa a shekara biyar ya canza gida uku. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amsar da kawai na iya ba shi ita ce kuɗin yara da ake biyan mai rajista ba sai ya tsufa ba, kuma in mota ta kife da shi gobe, matarsa ba za ta je ta durƙusa gaban magadan kowa ba. Ya yi shiru. Ban ce na shawo kansa ba. Amana ba a lacca take samuwa, sai mutane sun ga wani da suka sani ya karɓa. Ruwanda ba ta fi mu arziki ba, amma asusun lafiyarta na unguwanni ya game mafi yawan jama'arta, don manomi ya ga katin yana aiki a asibitin ƙauyensu. Gabon tana da asusun ƙasa tun 2007, Najeriya ta mai da inshorar lafiya tilas a dokar 2022, ko da yake tsakanin doka da asibiti akwai tafiya. Mu ma an buɗe rajistar sa-kai a CNPS tun 2014 ga masu aikin kansu, amma ta tsufa ce, ba ta magani ba.

Ɗan Alhaji da siton ya faɗo wa yaro ne mai hankali, ya yi karatu a Yawunde. Na kai masa lissafin nan a takarda ɗaya, na ɗora littafin mahaifinsa a kai, a buɗe a shafin magani, don ya ga abin da ake kashewa dama ba tare da an kira shi komai ba. Ya daɗe yana dubawa. Ya yarda a yi wa direbobi biyu da ni rajista. Ya yarda a daina lodi tsakanin azahar da la'asar daga Maris zuwa saukar ruwan sama, aka kafa rumfa, aka ajiye randa. Da na kawo zancen 'yan dako sai ya ce, "Kawu, waɗannan ai ba namu ba ne, na tasha ne, yau suna nan gobe suna can." Gaskiyarsa ce, kuma ni ma ban san a wane shafi zan sa su ba.

Maigadi ya wuce shekarun da rajista za ta yi masa wani amfani. Mu huɗu muke haɗa masa kuɗin ƙwayoyin duk wata, ni da direbobin da wani mai shayi a bakin titi. Wancan watan ɗaya daga cikin direbobin ya samu aiki a Injamena ya tafi, mun koma uku.